Yadda Ake Gane Raunin Jijiyar da ke Haɗa Tsoka da Ƙashi, da Abin da Ya Kamata a Yi

Kalmar jijiya a bakin Bahaushe tana ɗaukar ma'anoni da yawa, kuma wannan yawan ne yake sa mutane su rikice a lokacin da rauni ya same su. Idan ma'aikaciyar jinya tana laluben inda za ta soka allurar ƙarin ruwa, jijiya take nema. Idan mai ciwon baya ya ce zafi yana sauko masa tun daga ƙugu har tafin ƙafa, sai a ce jijiya ce ta danne. Wanda ya yi targaɗe a idon sawu za a ce masa jijiya ce ta ja, haka kuma mai cin tsire da ya ci karo da wani farin abu mai tauri da ya ƙi taunuwa zai tofar ya ce jijiya ce. A wurin likita waɗannan abubuwa huɗu ne daban-daban: ta farko hanyar jini ce, ta biyu ita ce mai kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da sassan jiki, ta uku tana ɗaure ƙashi da ƙashi a gaɓa, ta huɗu kuwa tana haɗa tsoka da ƙashi. A kan ta huɗun nan za mu tsaya, kuma don gudun ruɗani za mu riƙa kiranta jijiyar tsoka.

Hanya mafi sauƙi ta fahimtarta ita ce a gan ta da ido. Ranar layya, bayan an yanka rago, a lura da inda mai fiɗa yake hudawa a ƙafar baya idan zai rataye shi. Yakan tsaga ɗan sararin da ke tsakanin ƙashi da wata farar aba mai kauri da sheƙi a bayan gaɓar, ya zura igiya ko ƙugiya, sai dukan nauyin ragon ya koma kan wannan farar abar, amma ba ta tsinkewa. Ita ce agara. Idan aka bi ta zuwa sama za a ga ta baje ta shige cikin jan nama, idan aka bi ta zuwa ƙasa kuma za a tarar ta manne a jikin ƙashi. Aikinta ke nan: tsoka ta takure, ita kuma ta isar da wannan ja zuwa ga ƙashi, sai gaɓa ta motsa. Yaran da suka taɓa wasa da ƙafar kaza bayan an yanke ta sun san wannan ba tare da an koya musu ba, domin da zarar sun jawo farin zaren da ya leƙo daga inda aka yanke, sai yatsun kazar su dunƙule kamar tana da rai.

An gina jijiyar tsoka da wani sinadari da ake kira kolajin, wanda yake a jere zare-zare, dukansu sun miƙe ta fuska ɗaya kamar zaren da masaƙi ya shimfiɗa kafin ya fara saƙa. Wannan sinadarin ne yake narkewa idan aka daɗe ana dafa ƙafar saniya, har romon ya daskare idan ya huce. Jerin zaren ne ya ba ta ƙarfin jure ja, amma akwai wani abu da launinta yake nunawa wanda ya fi muhimmanci ga mai rauni. Tsoka ja ce kuma jini yana kai-komo a cikinta sosai, jijiyar tsoka kuwa fara ce kuma jinin da ke isa gare ta kaɗan ne, kuma duk sashen jikin da jini bai wadace shi ba yana jinkirin warkewa. Saboda haka karayar da aka ɗora daidai takan haɗe cikin makonni shida zuwa takwas a ƙasusuwa da yawa, alhali agarar da ta tsinke tana iya ɗaukar wata shida zuwa shekara guda kafin mai ita ya koma gudu kamar da.

Gane tsinkewar agara

Agarar ɗan Adam ita ce mafi kauri da ƙarfi a cikin jijiyoyin tsokarsa. Tsawonta ya kai kimanin santimita 15, tana haɗa tsokokin sharaɓa da ƙashin dunduniya, kuma kowa yana iya kama tasa da yatsu biyu a bayan idon sawu. Ita ce take ɗaga dunduniya daga ƙasa a kowane taku, kuma a lokacin gudu ko tsalle tana ɗaukar nauyin da ya ninka na jiki sau da yawa. Galibi takan tsinke ne a tsakanin santimita 2 zuwa 6 sama da inda ta manne da ƙashi, domin nan ne jini ya fi ƙaranci. Waɗanda abin ya fi samu su ne maza 'yan shekara 30 zuwa 50, musamman wanda yake wuni a zaune a ofis ko a shago duk mako, sannan ranar Asabar ya ɗaura takalmin ƙwallo ya shiga fili kamar yana ɗan shekara 18. Ƙwararru ma ba su tsira ba. A watan Maris na 2010 agarar David Beckham ta tsinke yana buga wa AC Milan wasa, yana da shekara 34, babu kuma wani ɗan wasa da ya taɓa shi a lokacin, kuma raunin ne ya hana shi buga gasar cin kofin duniya da aka yi a Afirka ta Kudu a wannan shekarar.

Wannan rashin taɓawar ita ce alama ta farko da ya kamata a riƙe. Mai raunin yakan ji kamar an harbe shi da ƙafa ko an jefe shi da dutse a bayan idon sawu, har ya waiwaya yana neman wanda ya yi masa haka, sai ya ga babu kowa kusa da shi. Wani lokaci shi da na kusa da shi sukan ji ƙara kamar ta tsinkewar igiya. Abin da ke yaudarar mutane shi ne zafin yakan lafa bayan ɗan lokaci, kuma mutum yana iya tashi ya yi tafiya yana ɗingishi, har ma ya iya lanƙwasa ƙafar ƙasa idan yana zaune, saboda akwai wasu ƙananan jijiyoyin tsoka da ke bi ta gefen idon sawu suna ɗan taimakawa. Daga nan sai a yanke hukuncin cewa targaɗe ne, a shafa man zafi, a ci gaba da harkoki. Iya takawa ba hujja ba ce ta cewa agara tana nan lafiya.

Akwai gwaji mai sauƙi da likitoci suke yi, wanda wani likitan tiyata ɗan Ingila mai suna Simmonds ya bayyana a 1957, sannan Thompson na Amurka ya sake bayyana shi a 1962, kuma ana iya yin sa a gida ba tare da wani kayan aiki ba. Mai raunin zai kwanta rub da ciki a kan gado ko benci, ƙafafunsa biyu su zarce bakin gadon suna reto, ya saki jikinsa gaba ɗaya. Tun kafin a taɓa shi a kwatanta ƙafafun biyu: mai lafiya takan ɗan karkata da kanta kamar ƙafar mai ɗage, wadda agararta ta tsinke kuwa takan sauko a miƙe kamar ba ta da maɗauri. Sai mai gwajin ya kama tsokar sharaɓa a inda ta fi kauri ya matsa da tafin hannunsa, ya fara da ƙafar mai lafiya domin ya ga yadda abin yake. Idan agara tana haɗe, tafin ƙafar zai motsa da kansa, yatsun su yi nuni nesa da jiki. Idan aka matsa ƙafar mai ciwo ba ta motsa ba, to a ɗauka agara ta tsinke har sai likita ya ce ba haka ba ne. A sa'o'in farko, kafin kumburi ya cike wurin, idan aka bi agarar da ɗan yatsa a hankali akan ji wani gurbi da ya loɓa a inda ta rabu. Alama ta ƙarshe ita ce mai raunin ba zai iya yin ɗage a kan ƙafar ita kaɗai ba, amma kada a matsa masa ya gwada idan gwajin matsa sharaɓa ya riga ya nuna matsala.

Da zarar an yi zargin tsinkewa, a hana shi taka ƙafar, a nema masa sandunan dogarawa ko a tallafe shi. A bar tafin ƙafar ya karkata ƙasa kamar na mai ɗage, domin a wannan yanayin ne bakin jijiyar biyu suke kusantar juna, kuma kada wani ya kama yatsun ya tura su sama wajen ƙauri da sunan miƙar da jijiya. A naɗe ƙanƙara a cikin tsumma a ɗora na minti 15 zuwa 20, a maimaita bayan kowace sa'a biyu ko uku, a kuma ɗora ƙafar a kan matashi idan yana kwance. Farasitamol ya isa rage zafi. Sannan a kai shi asibiti a ranar ko washegari.

A nan ne ya kamata a yi magana a kan masu ɗori. Mutane da yawa sun fi sakin jiki da su, kuma suna kusa, kuɗinsu ma bai kai na asibiti ba, amma sana'arsu ta ginu ne a kan ja da murzawa da daidaita ƙashi, kuma waɗannan su ne ainihin abubuwan da jijiyar da ta tsinke ba ta so. Tsokar sharaɓa kullum tana jan guntun sama zuwa sama, saboda haka duk tausa da duk takun da aka yi suna ƙara nisan da ke tsakanin bakin biyu. Idan aka kai wa likita da wuri, cikin kwanakin farko, sau da yawa ba a ma buƙatar tiyata: akan sa filasta mai tauri irin ta karaya ko wani takalmi na musamman da ke riƙe ƙafar a karkace, ana rage tudun dunduniyarsa sannu a hankali cikin kimanin makonni takwas zuwa goma, ko kuma a ɗinke jijiyar idan likita ya ga hakan ya fi dacewa da shekarun mutum da irin aikinsa. Idan kuwa aka bari har wata guda ko fiye ya wuce, tsokar ta riga ta janye ta gajarce, tabo ya cike gurbin, sai aikin ya koma babbar tiyata wadda wani lokaci sai an aro wata jijiyar daga wani wuri an yi ƙari. Haka nan a sani cewa hoton ƙashi na yau da kullum ƙashi yake nunawa, ba ya nuna jijiyar tsoka sosai, don haka jin cewa an yi hoto babu karaya bai kawar da zargi ba. Hannun likita da hoton sikanin, irin wanda ake yi wa masu juna biyu, su ne suke tabbatarwa. Manyan asibitocin koyarwa suna da sashen ƙashi, akwai kuma Asibitin Ƙashi na Dala a Kano wanda wannan ne aikinsa.

Yankan wuƙa a hannu

Wuri na biyu da ake yawan yin sakaci shi ne hannu, kuma a ganina sakacin nan ya fi na ƙafa tsada, domin da yatsu tela da makaniki da marubuci suke neman abinci. A ɗora hannun hagu a kan naman hannun dama, tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu, sannan a motsa yatsun dama, za a ji naman yana motsi a ƙarƙashin fata. Manyan tsokokin da ke dunƙule yatsu a can suke, dogayen jijiyoyi ne suke ratsa wuyan hannu da tafi su kai jan har ƙarshen yatsa, kuma a cikin yatsan suna kwance ne dab da fata. Saboda haka ƙaramin yanka na wuƙar fiɗa, ko lauje, ko fasasshiyar kwalba, ko bakin kwanon rufi, yana iya datse jijiya alhali raunin da ake gani a waje bai kai faɗin farce ba.

Bayan an wanke raunin da ruwa mai tsabta an danne shi da ƙyalle har jini ya tsaya, a dubi yadda yatsun suke idan an saki hannu. A hannu mai lafiya dukansu sukan ɗan lanƙwashe a jere, saboda haka yatsan da ya tsaya a miƙe shi kaɗai a cikin 'yan'uwansa abin zargi ne. Kowane yatsa, ban da babba, yana da jijiyoyi biyu masu lanƙwasa shi, kuma dole a gwada kowace daban. Don gwada ta farko, a riƙe gaɓar tsakiya ta yatsan a miƙe, a ce wa mai raunin ya lanƙwasa gaɓar ƙarshe mai farce. Don gwada ta biyu, a riƙe sauran yatsu ukun a miƙe, a ce ya lanƙwasa mai raunin shi kaɗai daga gaɓar tsakiya. Idan ɗaya daga cikin biyun ya gagara, ko ya yiwu amma da zafi mai tsanani da rashin ƙarfi, ko gefen yatsan ya yi dindiris ba ya jin taɓi, to ɗinke fata a kemis bai wadatar ba. Jijiyar da aka datse ba ta haɗewa da kanta, domin tsoka takan janye guntunta zuwa cikin tafin hannu, kuma ɗinkinta ya fi kyau a cikin kwanakin farko, kafin mako biyu su cika. A rufe raunin, a ɗaure hannun yadda yatsun ba za su yi aiki ba, a cire zobe tun kafin kumburi, a nemi likitan ƙashi ko na tiyatar hannu, a kuma tambayi batun allurar tetanus. Bayan ɗinki akan sa abin tallafe hannu na kimanin makonni shida tare da motsa yatsu yadda likitan gashin ƙashi ya tsara, kuma ba a komawa ɗaukar kaya mai nauyi sai wajen makonni 12.

Akwai wani ƙaramin rauni mai kama da wannan wanda babu jini a cikinsa. Ƙwallo ko wani abu ya bugi kan yatsa, sai gaɓar ƙarshe ta sunkuya ta ƙi miƙewa da kanta, ko da yake ana iya miƙar da ita da ɗaya hannun. Jijiyar da ke miƙar da ita ce ta ɓalle daga ƙashi. Maganinsa ɗan abin tallafi ne da zai riƙe wannan gaɓar a miƙe dare da rana na makonni shida zuwa takwas, kuma sharaɗinsa mai tsauri ne, domin idan aka cire aka bar gaɓar ta sunkuya ko sau ɗaya, lissafin yakan koma farko. A sauran gaɓoɓi ƙa'idar ɗaya ce: wanda ya faɗi ya kasa ɗaga ƙafarsa a miƙe yana kwance, ko ya kasa ɗaga hannunsa sama da kafaɗa bayan rauni, a yi zargin jijiyar tsoka ko da hoto bai nuna karaya ba.

Ciwon da ke zuwa a hankali

Ba kowane ciwon jijiyar tsoka ne tsinkewa ba. Mafi yawansa ma gajiya ce da ke taruwa idan aka ɗora wa jijiya aikin da ya fi wanda ta saba, kamar wanda ya fara gudun safe da dogon zango a makon farko, ko mai jego da babban yatsanta yake ciwo ta gefen wuyan hannu saboda yawan ɗaga jariri. A agara alamarsa a bayyane take: takun farko bayan an tashi daga barci yana zuwa da zafi da sanƙarewa, sai ya sassauta idan jiki ya ɗumama, sannan ya dawo bayan an gama aiki, kuma wani lokaci akan ji wurin ya yi kauri idan an kama shi. Kwanciya gaba ɗaya ba ta warkar da irin wannan, domin jijiya tana ƙarfafa ne idan ana ɗora mata nauyi daidai gwargwado. Abin da ake yi shi ne a rage gudu da tsalle, a ci gaba da tafiya, sannan a shiga atisaye.

Atisayen da ya fi shahara shi ne wanda wani likita ɗan ƙasar Suwidin, Alfredson, ya wallafa a 1998. Mutum zai tsaya a bakin matakala ko dakali da gaban tafin ƙafarsa, dunduniya tana waje, yana dafe da bango. Zai yi ɗage da taimakon ƙafar mai lafiya, sannan ya ɗauke ta, ya sauke dunduniyar mai ciwo a hankali har ta gangara ƙasa da bakin matakalar, ya sake hawa da mai lafiyar. Ana yin sau 15 a jere har zagaye uku da gwiwa a miƙe, a sake wasu zagaye ukun da gwiwa a ɗan lanƙwashe, safe da yamma, na tsawon makonni 12. Ɗan zafi a lokacin atisayen ba laifi ba ne, amma zafin da ya hana taka ƙafa washegari yana nufin an wuce gona da iri, sai a rage. Wanda ciwonsa yake daidai inda agara ta manne da ƙashin dunduniya ya yi nasa a kan daɓe, kada ya bar dunduniyar ta gangara ƙasa da matakala, domin hakan yana ƙara matse wurin. Ba a fara wannan atisaye sai an tabbatar babu tsinkewa, kuma idan sharaɓa ce ta kumbura ta yi zafi da ɗumi ba tare da wani rauni ba, wannan yana iya zama gudan jini a hanyar jini, wanda yake buƙatar asibiti nan take, ba tausa ba.

Saura batun magunguna, wanda ya shafe mu ƙwarai saboda yadda ake sayen maganin taifot a kemis ba tare da takardar likita ba. Siprofuloksasin, wanda aka fi sani da sipro, da danginsa irin su ofuloksasin da lebofuloksasin, suna iya raunana jijiyar tsoka har ta tsinke, kuma agara ce ta fi shiga wannan haɗari. A 2008 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta wajabta a rubuta gargaɗi mafi girma game da haka a jikin takardar waɗannan magunguna. Haɗarin ya fi yawa ga wanda ya haura shekara 60, da wanda aka yi wa dashen ƙoda ko zuciya ko huhu, da kuma mai shan magungunan sitiroyid irin su firedinisolon da deksametason, waɗanda wasu ke sha don ciwon gaɓoɓi ko neman ƙiba. Ciwon yana iya farawa cikin kwana biyu da fara shan maganin, yana kuma iya bayyana bayan watanni da gamawa. Duk wanda yake shan ɗaya daga cikinsu ya ji sabon zafi ko kumburi a bayan idon sawu, ya dakatar da shan, ya daina motsa jiki mai ƙarfi, ya koma wurin likita a canja masa wani. Allurar sitiroyid da ake yi a gaɓa don kashe zafi ita ma tana raunana jijiya idan aka yi ta a cikin agara ko dab da ita, shi ya sa likitocin ƙashi suke kauce wa yin ta a wannan wurin. Idan za a je ganin likita da ciwon jijiyar tsoka, a tafi da kwalayen duk magungunan da aka sha a watannin baya, har da waɗanda aka saya a kemis, a kuma faɗa masa ranar da ciwon ya fara da abin da ake yi a lokacin da ya fara.